ALMAKASHIN DA KE CIKIN ƘODA: TSOKACI A KAN HAWAN JINI DA YADDA MUKE WASA DA MAGANINSA



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu da gidajenmu, har ta kai wanda bai taɓa zuwa asibiti ba ma yana faɗinta da yaƙini, wai kada mutum ya kuskura ya fara shan maganin hawan jini, domin idan ya fara ba ya dainawa, jiki zai saba da shi, daga nan ya zama bawan ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa. A ganina wannan magana tana cikin maganganun da suka fi yi wa al'ummarmu ɓarna, domin ta kwantar da dattawa da yawa da shanyewar ɓarin jiki, ta kuma kai wasu ga wankin ƙoda alhali ana iya kauce wa hakan. Ina ganin kuma hanyar da ta fi dacewa a warware ta ita ce a bayyana wa mutane abin da yake faruwa a cikin jikinsu, saboda wanda ya san dalilin abu ya fi saurin riƙe shi a kan wanda aka yi wa umarni kawai. Shi ya sa yau zan yi bayani a kan wani ɗan ƙaramin sinadari da ƙoda take fitarwa, mai suna renin.

MENE NE RENIN?

Jikin ɗan Adam cike yake da wasu sinadarai da ake kira furotin. Idan kana son ka suranta furotin, to ka ɗauko carbi mai tsawo wanda aka shirya 'ya'yansa daga iri ashirin mabambanta, sannan aka naɗe shi ya zama dunƙule. Wani furotin ɗin yana nan kwance a cikin jini ba ya aikin komai, sai ranar da aka yanke zaren a daidai wani wuri, sai guntun da ya fita ya zama mai aiki. Masu yin wannan yankan su ma furotin ne, daga cikin jinsin da masana suke kira enzayim, wato sinadaran da suke hanzarta aiki a cikin jiki. Ni dai almakashi nake kiran su idan ina yi wa ɗalibai bayani. Da irinsu ciki yake narkar da naman da muka ci, da irinsu kuma jini yake daskarewa idan mutum ya yanke.

Renin ɗaya ne daga cikin waɗannan almakasan, amma yana da wata siffa ta daban. Almakashin da ke cikin tumbi duk naman da ya samu yankawa yake yi. Shi kuwa renin furotin ɗaya tak aka san yana yankawa, a wuri ɗaya tak. Hanta ce take ƙera wannan furotin mai suna anjiyotensinojin, mai 'ya'yan carbi sama da 400, ta sake shi a cikin jini. Idan ƙoda ta ji cewa ƙarfin jinin da yake iso mata ya ragu, ko gishirin da yake ratsa ta ya yi kaɗan, ko kuma jijiyoyin saƙo sun sanar da ita cewa jiki yana cikin matsi, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke bakin matatunta su saki renin. Shi kuma ya je ya datse 'ya'ya goma daga bakin wancan dogon carbi. Wannan guntu mai 'ya'ya goma bai da wani ƙarfi sosai, sai ya bi jini ya haɗu da almakashi na biyu, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da ACE, wanda ya fi yawa a bangon jijiyoyin jini na huhu. Shi kuma ya cire 'ya'ya biyu, ya bar takwas. Waɗannan takwas ɗin su ne anjiyotensin na biyu, kuma yana cikin sinadaran da suka fi ƙarfin matse jijiyar jini a jikin mutum.

Aikinsa bai tsaya a matse jijiyoyi ba. Yana umartar wata 'yar halitta da ke zaune a kan kowace ƙoda kamar hula da ta saki sinadarin aldostiron, wanda yake sa ƙoda ta riƙe gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin ya zauna. Yana kuma isa ƙwaƙwalwa ya tayar da ƙishirwa. Da haka jijiyoyi suka tsuke, ruwan da ke cikinsu ya ƙaru, sai ƙarfin jini ya hau.

To, ɗan'uwa, kada ka ɗauka wannan tsari cuta ne. Ƙodojin baligi suna tace ruwa kimanin lita 180 a kowace rana, amma abin da yake fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba, ragowar duk ana mayar da shi cikin jini. Manomin da ya yini a rana yana gumi, da macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, da yaron da gudawa ta tsotse, da mai azumi a tsakiyar bazara, dukkansu wannan almakashi yana cikin abubuwan da suke riƙe musu jini kada ya faɗi su sume. Matsalar tana farawa ne idan ma'auni ya karkace, jijiyoyi suka zauna a matse shekara da shekaru, zuciya tana ta turo jini da wahala har naman jikinta ya yi kauri, ƙananan matatun ƙoda suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya, har wata rana wata jijiya ta fashe ko ta toshe a cikin ƙwaƙwalwa.

YADDA AKA GANO SHI

A shekarar 1898 wani masani mai suna Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman, a babban birnin ƙasar Suwidin, suka tatsi ruwan ƙodar zomo suka yi wa wani zomon allurarsa, sai suka ga jininsa ya hau. Suka sa wa sinadarin suna renin, daga kalmar da take nufin ƙoda a harshen Latin. Duniya ba ta damu da wannan bincike ba har fiye da shekara talatin. Sai a 1934 wani likita a Amurka, Harry Goldblatt, ya matse jijiyar da take kai wa ƙoda jini a jikin karnuka, ya nuna cewa hakan kaɗai ya isa ya haifar da hawan jini mai ɗorewa. Wajen 1940 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Ajantina ƙarƙashin Eduardo Braun-Menéndez, ɗaya a Amurka ƙarƙashin Irvine Page, kowace ta gano da kanta cewa renin yanka kawai yake yi, abin da aka yanko shi ne mai matse jijiya. Kowace ƙungiya ta raɗa masa nata suna, sai a 1958 suka daidaita, suka ɗauki rabin wannan suna da rabin wancan suka haɗa, aka sami anjiyotensin.

Labarin maganin kuwa ya fi ban mamaki. A ƙasar Birazil akwai wani maciji ɗan dangin kububuwa da ake kira jararaka, wanda idan ya sari mutum jininsa yakan faɗi ƙasa warwas. A 1965 wani masani ɗan ƙasar, Sérgio Ferreira, ya bayyana wani sinadari a cikin dafin, daga baya kuma aka tabbatar da cewa yana toshe bakin almakashi na biyu, wato ACE. Dafin ba ya shayuwa a matsayin magani, don haka wasu masu bincike a Amurka, David Cushman da Miguel Ondetti, suka yi shekaru suna ƙera ƙaramin sinadarin da zai yi irin aikinsa, har suka dace da captopril, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1981. Daga shi ne aka sami danginsa irin su lisinopril da enalapril. A 1995 kuma aka fito da losartan, wanda yake barin almakasan su yi yankansu amma ya tare wurin da anjiyotensin yake sauka a jikin jijiya. Idan ka duba kwalin maganin mahaifinka ka ga sunan ya ƙare da -pril ko -sartan, to a kan wannan tsari yake aiki.

DON ME AKE SHA KULLUM?

Yanzu sai mu koma ga waccan magana ta majalisa. Hanta ba ta daina ƙera furotin ɗinta, ƙoda ba ta daina sakin renin, dare da rana. Ƙwayar da mutum ya haɗiya kuwa tana yin aikinta ne na sa'o'i ƙididdigaggu, sannan jiki ya fitar da ita. Idan ta fita, almakashi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Saboda haka idan mutum ya bar magani jininsa ya sake hawa, cutar da take nan tun asali ce ta bayyana, maganin bai haifar da ita ba. Mai gilashin ido da ya cire gilashinsa ya kasa karatu, babu mai hankalin da zai ce gilashin ne ya jawo masa dogaro da shi. Akwai waɗanda suka rage ƙiba da gishiri har likita ya rage musu magani, amma awo ne ya kai su nan, ba jin cewa sun warke ba.

Babban abin da yake yaudarar mutane shi ne hawan jini bai cika zuwa da alama ba. Mun saba danganta shi da ciwon kai da jiri da yawan tunani, sai mutum ya ce ai yau kaina lafiya lau, ya ajiye ƙwaya. Alhali mafi yawan masu cutar ba sa jin komai har sai ɓarna ta auku. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa manya kimanin biliyan 1.3 ne suke ɗauke da ita, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. A Nijeriya bincike-bincike da dama sun nuna kusan baligi ɗaya cikin uku yana da ita. Na'urar awo ce kaɗai take faɗin gaskiya, kuma idan awon asibiti ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku mabambanta, to magana ta tabbata.

MAGANIN WANI BA NAKA BA NE

Wata ɗabi'ar da nake yawan gani ita ce ta aron magani. Na sha jin iyayen yara a bakin makaranta suna cewa, "Hajiya, karɓi wannan ki gwada, ni shi nake sha." Niyya mai kyau ce, amma tana iya zama sanadin halaka, kuma sanin renin zai nuna mana dalili.

Na farko, an daɗe da lura cewa da yawa daga cikin baƙaƙen fata masu hawan jini renin ɗinsu ƙasa yake, domin jikinsu yana riƙe gishiri da ruwa, ita kuma ƙoda da ta ga wadata sai ta rage sakin almakashin. Ga irin wannan mutum, toshe ACE shi kaɗai ba ya saukar da jini yadda ake so. A 2019 aka wallafa wani bincike da Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan marasa lafiya 728 daga ƙasashen Afirka shida, cikinsu har da Nijeriya da Kamaru. Bayan wata shida aka ga cewa haɗin da yake ɗauke da amlodipine, mai buɗe jijiya kai tsaye, ya fi saukar da jini a kan haɗin perindopril da maganin sa fitsari. Amma duk da haka, mai ciwon suga da ƙodarsa ta fara zubar da furotin, da wanda zuciyarsa ta raunana, su magungunan -pril da -sartan suna ba su kariyar da ba a son su rasa. Likita ne zai bambance wane ne wane.

Na biyu, waɗannan magunguna suna cutar da ɗan tayi, musamman ƙodarsa, domin shi ma yana buƙatar wannan tsari wajen girma. Macen da take shan su, idan tana neman haihuwa ko ta ga ɓatan wata, wajibi ne ta hanzarta zuwa asibiti a sauya mata da irin su methyldopa ko nifedipine. A al'ummar da mata suke haihuwa har cikin shekarunsu na arba'in, miƙa wa maƙwabciya ƙwaya ba ƙaramin ganganci ba ne.

Na uku, ACE yana da wani aikin na daban, shi ne rusa wani sinadari mai suna biradikinin. Idan aka toshe shi sai wannan sinadari ya taru, ya sa wasu busasshen tari wanda ba ya jin maganin tari. Wasu kaɗan kuma leɓe ko harshe ko maƙogwaro ya kumbura, abin da ya fi aukuwa ga baƙaƙen fata, kuma wannan na gaggawa ne, asibiti ake nufa nan take. Mai tari ya koma a sauya masa magani, kada ya jefar da ƙwayar ya zauna haka.

Na huɗu, idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, anjiyotensin ne yake taimaka wa ƙoda ta ci gaba da tacewa. Wanda yake shan maganin da ya toshe shi, ga maganin sa fitsari, sai kuma ya biya kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon gwiwa, ga amai ko gudawa ko zafin rana, to ya haɗa wa ƙodarsa abokan gaba uku a lokaci guda. Masu irin wannan hali su nemi shawarar likita tun kafin abu ya yi nisa.

AZUMI DA TAWAKKALI

A nan ne batun ya shigo fagen da ake yawan tambayata. Galibin magungunan hawan jini sau ɗaya ake sha a rana, don haka mafi yawan masu cutar suna iya azumi idan an gyara musu lokacin sha zuwa sahur ko bayan buɗe-baki. Abin da ya kamata shi ne a je wa likita tun cikin Sha'aban a tsara wannan. Wanda kuwa amintaccen likita ya ce masa azumi zai cutar da ƙodarsa, shari'a ta riga ta yi masa rangwame, kuma karɓar rangwame ba raunin imani ba ne. Haka nan shan magani bai saɓa wa tawakkali ba. Imamul Bukhari ya ware littafi guda a kan magani a cikin Sahihinsa, malamai kuma sun daɗe suna karantar da cewa riƙo da sababi ɓangare ne na dogaro ga Allah. Mu yi addu'a, mu kuma haɗiyi ƙwayarmu.

GA MASU JA DA WANNAN RA'AYI

Wani zai ce, Malam, kana tallata maganin bature kana watsi da namu na gargajiya. Amsata tana cikin labarin macijin nan. Captopril daga dafi aka samo asalinsa, wato daga daji, inda kakanninmu suke neman magani. Abin da ya raba dafi da ƙwaya shi ne an ware sinadarin, an auna yawansa, an gwada shi a kan dubban mutane, an rubuta amfaninsa da illarsa. Zoɓo ma an yi bincike a kansa an ga yana ɗan sassauta hawan jini, wannan abin farin ciki ne, amma bai kai ya maye gurbin magani ga wanda jininsa ya yi sama sosai ba. Abin da nake ja da shi shi ne jarkar da ake tallatawa da lasifika a tasha, wai tana kashe hawan jini har abada cikin mako biyu, ba a san abin da ke ciki ba, ba a san adadinsa ba. Duk mai wannan da'awa, ga na'ura nan, a auna kafin a sha, a auna bayan wata uku.

Wani kuma zai ce magani ya yi tsada, kuma gaskiya ya faɗa. Magidancin da yake fama da kuɗin hatsi ba a yi masa faɗa don ya tsallake ƙwaya. Sai dai a tuna cewa magunguna irin su amlodipine da lisinopril suna cikin masu sauƙin kuɗi idan ba a dage a kan sunan wani kamfani ba, kuma kuɗin wankin ƙoda na zama ɗaya yakan fi kuɗin ƙwayar watanni, alhali ana buƙatarsa sau biyu ko uku a mako. A nan nauyi ya hau kan 'ya'ya da masu hali. Muna tara kuɗi da sauri idan mutum ya riga ya kwanta, me zai hana mu ɗauke wa tsoho kuɗin maganin wata tun yana tafiya da ƙafafunsa?

ABIN DA NAKE KIRA GARE SHI

Na ɗaya, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da wanda yake ɓoye a cikin magi da yaji da kilishi da taliyar leda. Kanwa ma tana ɗauke da sodiyom, sinadarin da yake sa gishiri ya riƙe ruwa. Tunda da yawa daga cikinmu masu jiki mai riƙe gishiri ne, ragewar tana yi mana amfani ƙwarai. Uwargida ta riƙa ragewa sannu a hankali, ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, harshe zai saba cikin 'yan makonni.

Na biyu, awo. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin lasifikar da muke saya wa masallatai ba. Kwamitin masallaci ko na Islamiyya zai iya mallakar guda, a nemi ma'aikacin lafiya daga cikin jama'ar unguwa ya riƙa auna mutane bayan sallar Juma'a, a ware wa mata rana a ajinsu na matan aure, wanda aka ga nasa ya hau a tura shi asibiti.

Na uku, mu malamai da limamai mu kiyaye harshenmu. Jama'a suna ɗaukar maganarmu da nauyi, don haka kada ɗayanmu ya ce wa mara lafiya ya ajiye maganinsa. Idan an zo mana da tambayar da ta shafi ƙwaya, mu faɗi hukuncin shari'a, mu mayar da sauran ga masu ilminsa.

Kai kuma ɗan'uwa, idan ka shekara ba a auna jininka ba, je ka a auna a wannan makon, ka tafi da mahaifiyarka da mai ɗakinka. Idan akwai mai shan magani a gidanku, ɗauki kwalin ka karanta sunan, ka tambaye shi yaushe rabonsa da sha.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu dace duniya da lahira, amin. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.